Jan Rubutun Gefen Takarda

Shekara ashirin da shida matar nan ta yi tana buga rubutun mutane, kuma duk layin sun san taƙamarta, wato ba ta ƙara wa kowa harafi, ba ta rage masa. Idan shirme ka rubuta, shirmen za ta buga maka tsaf, ta miƙo maka da hannu biyu. Yatsa Goma ake ce mata, har masu kawo aiki da yawa ba su san tana da wani sunan ba. To ita ce ranar wata Talata da hantsi ta gano cewa wata biyu ke nan tana zuba sirrin wani tsoho cikin littafinsa ba da saninsa ba, kuma da hannunta take tura shi ga wadda ya fi ɓoye wa a duniya, 'yarsa ta cikinsa.

A zamanin tafireta ta koyi aikin, wurin wata malama mai saurin kai rula, wadda ke rufe wa ɗalibai hannuwa da ƙyalle don kada ido ya taimaki yatsa. Daga can ta sami aiki a wani ofis, ƙarƙashin wani shugaba mai rubutu kamar kaza ta taka tawada. Mutumin nan ba ya gama wasiƙa sai ya cika gefen takardar da ƙare-ƙare, kuma bai taɓa jan ko ɗan layi ya nuna inda za a saka su ba. Sau ɗaya ta tambaye shi, ya daka mata tsawar da har masinja ya leƙo. Tun ranar ta kafa wa kanta doka, cewa duk abin da ke gefe na layin da yake kallo ne. Shekara tara tana aiki da wannan doka, ba a taɓa dawo mata da takarda ba.

Da aka rage ma'aikata aka haɗa da ita, sai ta kama ɗan shago a ƙarƙashin matakalar wani bene, tsakanin kemis da mai yankan gilashi. Teburi ɗaya ne, da kwamfuta, da firinta, da benci mai cin mutum uku idan ba masu jiki ba ne, sai tsohon injin fotokofi da ke gurnani kamar ana yi masa dole. Can ciki akwai lungu da ta kare da labule, inda take ajiye kwalayen takarda da sallaya da kujerar roba guda.

Aibinta ɗaya, in har aibi ne, son jin ƙwaƙwaf. Wasu masu bugu sukan gama shafi ashirin ba su san abin da ke ciki ba, yatsu na aiki, hankali na kasuwa. Ita kam sai ta karanta, ta auna, har ta zaɓi wanda take goya wa baya. Ta san wa ya kai ƙarar wa a kan katanga, wa ke neman canjin wurin aiki don gudun surukarsa, wane ɗalibi ne ya kwafo aikin wani bai ko canza shekarar ba. Idan aka kawo mata shafi na biyu da na uku a yi fotokofi babu na farko, ranar ba ta da sukuni. Sai dai bakinta gam yake. Maigidanta, mai gyaran fanka da rediyo a bakin titi, yakan ce da za a buɗe cikinta da an sami fayilolin da suka fi na kotu yawa. Ita kuma ta ce masa shi ya sa ta auri mutumin da ba shi da labarin da ya kai a ɓoye, don ta riƙa hutawa a gida.

Tsohon da ake magana ya fara zuwa ne a farkon damina, dogo mai ɗan ranƙwafawa, da lema a hammata, da farar riga a ɓalle har wuya, da tabarau mai kauri. Shekara talatin da huɗu ya yi a asibiti yana ɗaukar hoton ƙashi da na ƙirji kafin ya yi ritaya, kuma dattijo ne a cocinsu. Baba Mai Hoto ake kiransa.

"Malama, an ce ke ce ba kya gyara wa mutum magana," ya ce bayan sun gaisa.

"Haka ake faɗa, Baba."

"To ke nake nema. Na kai wa wani, ya cire mini sakin layi biyu wai sun yi tsawo. Na ce masa ai ba a kansa zan ɗora su ba."

Ya fito da littafin rubutu irin na 'yan makaranta, ya ce labari yake ƙagawa, kuma duk Talata zai kawo babi ɗaya, ya dawo Alhamis ya karɓa. Shuɗin biro shi ne labarin. Idan ta ga jan biro a gefe da kibiya, ƙari ne, ta saka shi inda kibiyar ta nuna. Idanunsa sun yi yana, yana iya rubutu da manyan baƙi amma ba ya iya karanta ƙananan baƙin firinta, don haka abin da ta buga zai tara shi a fayil sai an yi masa aikin ido. Sannan ya karanta mata lambar waya daga ka.

"Ta 'yata Auta ce. Ma'aikaciyar jinya ce, tana can nesa. Duk babin da kika gama ki tura mata. Ita ce ta matsa mini in rubuta, wai zaman kaɗaici zai sa in fara magana da kujeru."

Da ya tafi ta buɗe littafin don ta ga yanayin rubutun kawai, sai ga shi har shayinta ya huce ba ta ɗago ba. Labarin wani ma'aikacin hoton ƙashi ne a ƙaramin asibiti. Masu haƙar madatsar ruwa a wani kwari suka tono ƙasusuwan mutane birjik, busassu ƙamas, aka zubo wasu a akwati aka kawo masa ya ɗauki hoto. Ya jera na mutum ɗaya a kan gadon hoto, ya ɗauka, ya wanke fim, sai ya ga ɓargo a ciki irin na mai rai. Ya kulle ɗakin, ya sa makulli a aljihu. Washegari ya sake ɗauka, ya ɗora fim a kan fim, ya tarar tazarar da ke tsakanin ƙashin cinya da na gwiwa ta ragu da kaurin zare. Kwana na uku ma haka. Ba wanda ya taɓa su, amma ƙasusuwan na matsowa wajen juna. Wata masaniyar kimiyya ta ce wani ƙarfe ne a ƙasar kwarin ke jan juna. Wani tsohon fasto ya ce a buɗe Littafi Mai Tsarki a duba labarin annabin da aka kai kwarin ƙasusuwa. Wasu mutane kuma masu baƙar mota suka fara tambayar masu gadi inda akwatin yake.

Yatsa Goma ba ta taɓa buga abin da ya kama ta kamar wannan ba. Alhamis na yi, tun kafin tsohon ya jingine lema take jefa masa tambaya.

"Baba, wai da gaske haske na ratsa nama ya tsaya a ƙashi?"

Sai ya gyara zama ya yi mata bayani, har ya kama hannunsa ya nuna mata inda ƙasusuwa takwas suka cunkushe a wuyan hannu, ya ce nan ne ke yi mata ciwo saboda bugu.

"To ɓargon, yana fitowa a hoto haka?"

"Ba kamar yadda na rubuta ba. Nan na ɗan shara ƙarya. Ai shi ya sa ake ce masa ƙage."

"Mu ma fa a wajenmu akwai labarin ƙasusuwan da Allah ya tayar."

"Na sani, maƙwabcina ya ba ni shi a kan benci. Shi ya sa nake so kowa ya iya karantawa."

"Amma na cikin akwatin, za su tashi?"

A nan yake ɗaga hannu. Tambayar kimiyya ko ta Littafi zai wuni yana amsawa, amma da zarar ta taɓo mutanen cikin labarin ko abin da zai faru, sai ya ce, "Sai an gama, Malama." Ta yi ta ƙoƙarin zagaye shi ta hanyoyi iri-iri, tsohon ya fi ta wayo, har ta haƙura ta bar tambayar.

A babi na uku ne ta fara cin karo da jan rubutu marar kibiya. Yana gefen wurin da mai hoton ke tsaye gaban allon haske yana kallon fim, kuma ga abin da ya ce: "Na gani, ya Ubangiji, na kuwa yi shiru." Ba ta ko tsaya ba. Tsoho ne, ido ba lafiya, ya manta kibiya. Ta duba layin da rubutun ke kallo, ta buɗe alamar zance, ta sa maganar a bakin mai hoton, kuma ta zauna daram kamar don wurin aka yi ta. A babi na huɗu suka zama uku, a na biyar suka zama biyar. Duk ta ba su masauki.

Gaskiya su ne ma suka fi yi mata daɗi a duk littafin. Mai hoton na cikin auna ƙasusuwa sai ya ɓarke da magana a kan wata mata da wata inuwa, can gaba ya ambaci wata yarinya, alhali labarin bai ba shi mata ko ɗa ba. Ta ce wannan gwaninta ce, tsohon na jan rai ne. Da yake ƙage ne ba sirrin kowa ba, takan ba maigidanta kowane babi da yamma yana warware wayar fanka, har suka rabu gida biyu. Shi ya ce ƙasusuwan na matar mai hoton ne, ya kashe ta ya binne a kwarin. Ita ta ce bai da tunani, ƙasusuwan sun fi shekara dubu, matar tana raye, ya ɓoye ta ne daga masu baƙar mota. Suka yi ta musu mako bayan mako, kowa na jiran babin da zai kunyata ɗan'uwansa.

Ranar Talatar da ta kawo ƙarshen musun, babi na goma sha ɗaya take bugawa. Masu baƙar mota sun shigo asibitin, mai hoton ya tura gado ya tokare ƙofa, ƙasusuwan saura kaurin gashi su haɗu. A gefe ga jan rubutu ba kibiya. Yatsunta suka kama shi kamar kullum, ido na gaba, hannu na biye: "Ya Ubangiji, ka ba Malama mai bugu sauƙin wuyan hannunta, ka ga yadda take murza shi." Sai da ta rufe alamar zance sannan ta ji abin da ta buga.

Da farko dariya ta yi. Ita ce a cikin ɗakin hoto, ana dukan ƙofa, mutum na yi mata addu'ar ciwon hannu! Amma dariyar ba ta kai ƙarshe ba. Idan wannan addu'arsa ce shi da kansa, ba ta mai hoton labari ba, to sauran fa? Ta jawo linzamin kwamfuta, ta buɗe babi na uku, ta bi su ɗaya bayan ɗaya tana kwashewa zuwa sabon shafi. Talatin da ɗaya ne. Da ta jera su ba ƙasusuwa a tsakani, sai ga wani labari dabam ya miƙe.

"Na gani, ya Ubangiji, na kuwa yi shiru."

"Ranar farko inuwar ba ta wuce kan babban yatsa ba, a huhun hagu. Ni na ɗauki hoton, ni na wanke, ba wanda ya gani sai ni da kai."

"Na ce mata ƙirjinki fes yake. Ta ce to shi ke nan, ta gyara ɗankwali, ta ce mu biya kasuwa."

"Na ji tsoron bakin likita, na ce kai za ka goge ta. Wata bakwai ina azumi, duk wata ina ce mata mu sake hoto don tari."

"Hoto bakwai, kowanne ta fi na baya faɗi."

"Likita ya ce da an zo da wuri. Ya kalle ni, ya san aikina."

"Yarinyar ta tambaye ni a bakin kabari, na ce mata farat ɗaya ciwon ya zo. Shekara goma sha ɗaya ke nan."

Ta san matar tsohon ta rasu, ya taɓa faɗa a cikin hira, amma ita da ke gane ɗalibin da ya saci aiki tun daga layin farko, wata biyu tana yi wa hawayen mutum tafi wai gwaninta. Kunya ta kama ta, tausayi ya biyo baya, tsoro ya zo ya danne su duka. Ta ɗauki waya ta buɗe saƙonnin Auta. Bayan babi na ɗaya da na biyu saƙonnin dogaye ne, da dariya, da cewa a gaya wa Baba faston nan ya cika surutu. Daga babi na huɗu kuwa magana ɗaya ce kowane mako, ba ta canzawa: "Na gani, Anti. Na gode. Ina jiran na gaba."

Ta rufe shago da rana tsaka, abin da ba ta taɓa yi ba, ta nufi rumfar maigidanta. Ya ajiye sukudireba ya saurara, kuma ba ta sha wahalar bayani ba, don shi ma ya haddace jan rubutun.

"Inna lillahi. Ashe ba ki ci musun ba, ni ma ban ci ba," ya ce a hankali. Sannan ya ce, "To ki goge su. Ki sake bugawa, ki musanya masa fayil ɗin. Shi ba ya gani, kafin a yi masa aikin ido kin gyara komai."

"Na cikin wayar 'yarsa fa, wa zai goge?"

"Ƙila ta ɗauka labari ne, kamar mu."

"Ma'aikaciyar jinya ce, Malam. Uwarta ce. Ta san da wane huhu ta mutu."

"To ki bar su, uba ne da 'ya. Idan ba ta tayar da maganar ba, ke me ya kai ki?"

"Ni na kai kaina ai, tun babi na uku."

Ranar Laraba ba ta buga wa kowa abin kirki ba. Shawarar maigidan ba ta banza ba ce, ta juya ta ya fi sau goma. Tana iya yin shiru, tsohon ya ci gaba da zuwa da lemarsa yana yi mata bayanin ƙashi, littafin ya ƙare, ta ji ko sun tashi. Idan ta faɗa, watakila ya kwashe littattafansa ba za ta sake ganinsa ba, watakila ma zuciyarsa ta kasa ɗauka a nan kan bencinta. Amma duk lokacin da ta kai ga yin shiru sai ta tuna yana waya da 'yarsa duk Lahadi, yana tambayarta ya labari, bai san tana riƙe da me ba. Wannan ne ta kasa haɗiyewa.

Alhamis da safe ya shigo, ya jingine lema, ya zauna yana jiran tambayar ranar. Ta jawo ƙofar shago ta rufe rabi.

"Yau ba tambaya, Malama? Ko masu baƙar motar sun tsorata ki?"

"Baba, na yi maka laifi babba. Ina so ka bari in faɗa har ƙarshe."

Ta gaya masa dokarta ta gefen takarda da inda ta samo ta, ta gaya masa addu'ar wuyan hannu. Ya yi murmushi, har ya buɗe baki zai yi wasa, sai ta ga murmushin ya tsaya a fuskarsa. Ya cire tabarau ya riƙe.

"Nawa kika saka?"

"Duka, Baba. Talatin da ɗaya."

"Karanta mini ɗaya, yadda kika sa shi."

Ta karanta masa wurin da mai hoton ke ɗora fim a kan fim yana auna tazara, sannan ya juya ya ce, na ce mata ƙirjinki fes yake. Ta wuce wurin kasuwa, ta kai ƙarshe. Tsohon bai motsa ba. A waje mai yankan gilashi na jan wuƙarsa, ƙarar na shigowa ta rabin ƙofar.

"Ni in na zauna rubutu, abin da ya taso mini nake gaya wa Ubangiji," ya ce can. "Biron da ke hannuna nake amfani da shi. Na ɗauka in ba kibiya, ai ba ƙofar shiga. Ban yi tunanin kina karantawa ba ma."

"Ni komai karantawa nake yi, Baba."

"Auta ta samu?"

"Har babi na goma."

"Me ta ce?"

Ta karanta masa saƙon, ta ce tun babi na huɗu haka yake zuwa. Ya lissafa da yatsunsa a kan gwiwa, ya ce Lahadi bakwai ke nan. Lahadi bakwai tana tambayarsa ko ya sha maganin hawan jini, ko rufin ɗaki ya daina yoyo. Yatsa Goma ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. Sai ta faɗi abin da ta kwana tana shiryawa.

"Baba, akwai hanya. In kira ta in ce ni na ƙara. In ce labarin ya yi mini sanyi ne na ƙaga masa mata da ciwo, ba ka sani ba. Ta zage ni, ta gaya wa duk wanda take so cewa Yatsa Goma na yi wa mutane cushe. Na yarda."

Ya juyo da fararen idanunsa wajenta, ya daɗe yana kallon inda take.

"Ke da ba kya ƙara harafi?"

"Ai na riga na ƙara."

"Ba ki ƙara ba, duk nawa ne. Ni na yi wa yarinyar nan ƙarya ɗaya, ta ishe ta. Ba za a kawo mata ta biyu daga shagonki ba." Ya goge tabaran da gefen riga ya mayar. "Kin san shekara nawa ina roƙon a ba ni bakin da zan faɗa? Ni na zaci mala'ika za a aiko, ko mafarki. Ban ce ina jin daɗin abin da kika yi ba, Malama. Raina ya ɓaci ƙwarai. Amma in na fita daga nan na kai gida, na san kaina, sai wata shekara goma sha ɗaya. Kira mini ita."

"Yanzu, Baba?"

"Yau aikin yamma take. Kira ta, ki ƙara murya, kunnena ba ya ɗaukar ƙaramar magana."

Ta ɗage masa labule, ta share kujerar roba, ta zaunar da shi tsakanin kwalayen takarda, ta danna lambar ta sa masa wayar a tafin hannu. Ta dawo teburinta. Labule ne kawai a tsakaninsu, kuma wayar na ƙara kamar rediyo.

"Anti, ina kwana?"

"Ba Anti ba ce, Auta. Ni ne."



"Ina jin ka, Baba."

"Abin da kika karanta, na jan biro, wanda mai hoton ke faɗa. Ba labari ba ne."

"Na sani." Muryar ba kuka a cikinta, ba kuma taushi. "Kwana uku na yi ban je aiki ba. Na ɗauki waya in kira ka ya fi sau ashirin. Na ce tunda a rubuce ka zaɓa, bari in bar ka ka kai ƙarshe."

"Ban zaɓa ba, 'yata. Ko wannan ƙarfin halin ban yi ba. Kuskure aka yi aka saka."

Aka ji Auta ta ja numfashi.

"Hotunan nan bakwai, suna nan?"

"Suna nan, a ƙasan durowa."

"Kada ka taɓa su. Ranar Asabar zan zo. Ban san abin da zan ce maka ba, Baba, wallahi ban sani ba, kada ka sa rai da komai. Amma ina so in ga ƙirjin mamana, kuma kai za ka nuna mini wurin da yatsanka, tun daga na farko."

Yatsa Goma ta ji kujerar roba ta yi ƙara, ta ji tsohon ya fara wata magana. Duk jikinta kunne ne a lokacin, ba ta taɓa son jin ƙarshen wata magana kamar wannan ba. Ta miƙe, ta ɗauki farar takarda ba komai a kanta, ta kifa a injin fotokofi, ta danna hamsin. Injin ya kama gurnani ya cika shagon, ita kuma ta tsaya a kansa tana share ido da bakin mayafi, tana tattara fararen takardun da ke fitowa.